Ruwan Tankin Kifinki, Uwargida: Yadda Yake Lalacewa da Inda Ya Dace Ki Zubar da Shi

 Hirarmu ta wannan makon ta masu kiwon kifi ce, amma ko ba kya kiwo ki daure ki karanta har ƙarshe, musamman idan kina da goyo kuma ruwan rijiya kuke sha, domin rabin zancen naki ne.

A 'yan shekarun nan kiwon tarwaɗa ya shigo cikin gidaje. Daga Augie zuwa Argungu har Birnin Kebbi za ki tarar mace ta ɗauki kuɗin adashenta ta sayi tankin roba ko na tamfol, ko ta sa an gina mata na siminti a bayan ɗaki, ta zuba 'ya'yan kifi ɗari uku ko ɗari biyar. Lissafinta shi ne bayan wata biyar ko shida ta kwashe, ta sayar ɗanye ko ta yi banda, kuɗin makarantar yara ya fito. Sai a wata na uku kifin su fara ƙin abinci, girma ya tsaya, kullum da safe a tsinci biyu ko uku sun juya ciki sama. A yi ta zargin wanda ya sayar da iri, ko a ce abincin ne, wasu ma su ce baki ne. Sau da yawa kuwa matsalar tana cikin ruwan da kifin ke kwana a ciki. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Gulbi yana wanke kansa, tanki sai an wanke masa

Mutanen ƙasar Kabi sun san kifi tun kaka da kakanni. Bikin kamun kifi na Argungu tun 1934 ake yin sa, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali. Amma giwan ruwan da ake fitarwa a Matan Fada a gulbi ya girma. Ruwan Rima yana gangarowa daga Goronyo, ya bi ta gefen Sakkwato, ya ratsa Augie da Argungu ya wuce Birnin Kebbi, duk abin da kifi ya zubar ya tafi da shi, ciyayi da bado su tsotse saura. Tankinki ba shi da mashiga, ba shi da mafita sai wadda kika yi masa. Kifin a nan yake ci, a nan yake bahaya, a nan yake numfashi.

Ƙazantar da ke kashe kifi iri uku ce, kuma uwa ce da ɗanta da jikanta. Uwar ita ce amoniya. Abincin kifi cike yake da furotin, kuma idan kifi ya ci, ba ya riƙe duka a jikinsa, ragowar yana fitar da ita amoniya ta wurin numfashinsa da ke gefen kai. Kashinsa da abincin da ya nutse ba a ci ba su ma idan sun ruɓe amoniya suke zama. Ita ce wannan zarnin da ke bugun hanci idan ruwa ya kwana biyu. Tana ƙona fatar kifi da wurin numfashinsa, kuma dafinta yana ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi, shi ya sa asara ta fi yawa a watannin Maris da Afrilu da Mayu.

Akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani, waɗanda ido ba ya gani, da ke zama a jikin bangon tanki da duwatsu da cikin ƙasa. Su ne ke cin amoniya su mayar da ita naitirayit, wato ɗan nata. Shi ma mugu ne: yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iska, har jinin ya koma ruwan ƙasa kamar kunun kanwa. Daga nan wasu ƙwayoyin su karɓi naitirayit su mayar da shi naitiret, wato jikan. Naitiret bai kai su dafi ba, tarwaɗa tana jure masa sosai. Halinsa shi ne ba ya tashi, ba ya kwantawa, taruwa kawai yake yi yau da gobe. Idan ya yi yawa kifi ya rage ci, girma ya ja baya, gansakuka ta rufe ruwa.

Ga wani lissafi da zai nuna miki yawan abin da muke magana. Buhun abincin kifi mai kilo 15, wanda furotin ɗinsa ya kai kashi 40 cikin ɗari, idan kifinki suka cinye shi, sinadarin da ya koma cikin ruwa ya kai ƙarfin takin yuriya sama da kilo ɗaya. Ki ƙirga buhu nawa kike saye kafin ki kwashe kifi. Duk wannan takin ta cikin tankinki yake bi.

Darasi daga masu kiwon kifin teku a akwatin gilashi

Babu wanda naitiret ya dama kamar masu ajiye kifin teku na ado. A Turai da Amurka da Japan, har da wasu otal-otal da ofisoshi a Legas da Abuja, za ki ga akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da kifaye masu launi, wani lokaci har da murjani mai rai, dangin wanda ake yi wa mata tsakiya da shi. Murjani ba ya son ƙazanta ko kaɗan. Masu kiwonsa sukan yi ƙoƙari naitiret kada ya wuce miligiram 5 zuwa 10 a kowace lita, alhali tarwaɗarki tana rayuwa a cikin ninkin wannan sau da yawa. Saboda kifinsu tsada gare shi kuma ba ya haƙuri, sun daɗe da gano hanyoyin da ke aiki, kuma babu wadda ta fi ƙarfinki.

Suna auna ruwa a kai a kai, ba sa yarda da abin da ido ya nuna musu. Suna ba da abinci kaɗan, abin da za a cinye cikin 'yan mintoci. Suna kwashe ƙazanta tun kafin ta ruɓe, har da wata na'ura mai yin kumfa da ke tattara ta a kofi. Suna canza kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan duk mako ɗaya ko biyu. Suna shuka ciyawar teku a wani ƙaramin akwati na gefe don ta sha naitiret, idan ta yi yawa su yanke su zubar. Sannan suna tace sabon ruwan da za su zuba, domin sun san wani ruwan da nasa naitiret yake zuwa. Ki ajiye wannan na ƙarshen a ranki, za mu dawo kansa.

Yadda za ki yi a naki tankin

Ki fara da hannunki, wato wajen ba da abinci. Yawancinmu muna ciyar da kifi kamar yadda muke ciyar da baƙo, a cika kwano don kada a ce an yi rowa. Ki riƙa watsawa kaɗan-kaɗan kina kallo, da zarar kin ga sun rage wawaso ki tsaya. Kifin da ya fara tasawa abincinsa na yini kamar kashi 3 cikin ɗari na nauyinsa ne: idan kina da ɗari biyar kowanne giram 100, jimlarsu kilo 50 ke nan, abincinsu kilo ɗaya da rabi, a raba safe da yamma. A lokacin hunturu kifi yana rage ci, ke ma ki rage. Ranar da kika ga sun ƙi abinci kada ki ƙara, ki bar su yini guda ki duba ruwa. Yunwar yini ɗaya ba ta kashe tarwaɗa. Hanjin kaji da jini da ragowar tuwo da wasu ke zubawa ɗanye don rage kashe kuɗi sun fi komai saurin lalata ruwa.

Na biyu, ki kwashe abin da ya kwanta. Ƙazantar a ƙasan tanki take taruwa, don haka ɗibar ruwa da bokiti daga sama wahala ce kawai. Ki buɗe bututun ƙasa, ko ki sa tiyo ki zuƙe laka daga gindi da kusurwoyi. Mataccen kifi kuwa kada ya yini a ciki.

Na uku, ki canza ruwa da lissafi. A ce awo ya nuna 100. Idan kika zubar da rubu'in ruwan kika cika da mai tsabta, zai koma 75. Idan rabi kika zubar, zai koma 50. Amma idan ruwan rijiyar da kike cikawa da shi yana ɗauke da 40 tun asali, canza rabi 70 zai ba ki. Ƙara ruwa a kan wanda rana ta shanye kuwa ba ya rage komai, domin ruwa ne ya tashi, ƙazantar tana nan. Tankin da ba shi da matata kuma kifin sun girma yakan buƙaci canji kusan kullum ko bayan kwana biyu, kuma a irin wannan tankin amoniya ce babbar abokiyar gabarki. Tankin da ke da matata ko tafkin ƙasa da ruwa ke daɗewa, a can ne naitiret ke taruwa. Canjin rabi a kai a kai ya fi a jira ruwa ya yi wari sannan a zubar da shi duka, saboda sauyin zafi da sanyi farat ɗaya yana gigita kifi. Idan ruwan famfo ne mai maganin kulorin, ki bar shi ya kwana a buɗe kafin ki zuba. Idan na burtsatse ne, ki bar shi ya faɗo daga sama yana fantsama don ya ɗauki iska.

Na huɗu, kada ki cika tanki fiye da ƙima. Kifi ɗari biyar da suka wala a tanki suna 'yan yatsu, bayan wata uku sun cushe. Ki ware manya daga ƙanana, ki raba tanki biyu, ko ki sayar da wasu da wuri.

Na biyar, ki kiyaye masu yi miki aiki kyauta. Ƙwayoyin nan masu cin amoniya sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu. Idan kina da matata mai duwatsu ko soso, ki ɗauraye ta da ruwan tankin da kika ɗiba, ba da omo ko bilic ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da wasu ke ɓarewa su zuba da zarar kifi ya yi laushi yana kashe masu amfanin, kuma ba ya gyara gurɓataccen ruwa. Gishiri yana taimakon kifi idan naitirayit ne ya yi yawa, domin yana tare masa hanyar shiga jini, amma ba ya cire naitiret. Ki tambayi malamin gona mai kula da kifi adadin da ya dace da girman tankinki kafin ki zuba.

Na shida, ki sa tsiro ya taya ki. Kainuwa tana shan wannan takin sosai. Ki ajiye ta a wani baho ko rami na gefe inda ruwan tanki ke bi, idan ta cika ki kwashe ki kai wa shuka. Idan kika bar ta ta ruɓe a ciki, abin da ta sha ta mayar miki.

Sannan ki nemi abin awo. Akwai 'yan takardu da ake tsomawa a ruwa su canza launi, sai a gwada da jadawalin da ke jikin kwalba. Masu sayar da kayan kiwon kifi a manyan garuruwa sukan kawo su. Inda kika ga NO2 naitirayit ne, kuma shi so ake kada a gan shi sam. Inda kika ga NO3 naitiret ne. Ku haɗa kuɗi ku biyar ko shida ku sayi kwalba ɗaya, za ta kai ku watanni.

Ina ruwan yake tafiya bayan kin zubar?

Yanzu mun zo rabin da na ce na kowa ne. A gidaje da yawa bututun tanki a tsakar gida yake zuba, ruwa ya kwanta ya nutse, rijiya kuwa tana nan taku goma. Ƙasa cike take da ƙwayoyin nan da muka ambata, su mayar da amoniyar naitiret. Shi kuma naitiret ba ya maƙalewa a ƙasa, duk inda ruwa ya bi yana biye da shi har ya tarar da ruwan rijiya.

A yankin fadama irin na Augie abin ya fi sauƙin faruwa, domin ruwa a kusa yake, shi ya sa manoman rani ke samun sa da 'yar gajeriyar burtsatse. Ga kuma noman shinkafa da ya bunƙasa a jihar, musamman tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma lamuni na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, damina da rani ana watsa yuriya. Ga masai, ga turken dabbobi. Duk waɗannan hanyoyi ne da naitiret ke bi ya shiga rijiya mara zurfi, musamman bayan ruwan sama mai yawa ko ambaliya. Tankin kifi ƙari ne a kansu, kuma shi ne wanda ke hannunki.

Naitiret ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Ruwa zai fito garau, mai sanyi a randa, alhali yana ɗauke da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita ɗaya ta ruwan sha, kuma ma'aunin ruwan sha na Nijeriya shi ma 50 ya sa. An sa wannan iyaka ne saboda jarirai. A 1945 wani likita mai suna Hunter Comly a jihar Iowa ta Amurka ya ba da rahoton jarirai da jikinsu ke komawa shuɗi, ya gano cewa ruwan rijiyar gona da ake dama musu madara da shi ne sanadi. A cikin jariri naitiret yana komawa naitirayit, ya shiga jini ya hana shi ɗaukar iska, daidai abin da yake yi wa kifi. Babba jikinsa yana gyara jinin da kansa. Jaririn da bai kai wata shida ba, musamman ɗan ƙasa da wata uku, jikinsa bai yi wannan ƙwarin ba, kuma idan yana gudawa haɗarin ya ƙaru.

Abin da ya kamata ki sani shi ne tafasa ruwa ba ta cire naitiret. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, don haka kada ki daina. Amma idan ruwan mai naitiret ne, duk daɗewarsa a wuta tururi ne ke tafiya, abin da ya rage ya ƙara ƙarfi. Alif ɗin da ake sa wa ruwa ya kwanta ba ya cire shi, maganin kulorin ba ya cire shi, tacewa da ƙyalle ma haka.

Babbar kariyar jariri ita ce nonon uwa zalla har wata shida, ba ruwa, ba jiƙo, ba tsimi. Ko uwa ta sha ruwan, abin da ke ratsawa cikin nono kaɗan ne ƙwarai. Idan lalura ta sa dole a ba shi madarar gwangwani, a dama da ruwan da aka tabbatar da shi ta hanyar awo, kada a ɗebo daga buɗaɗɗiyar rijiyar da ke kusa da masai ko turke ko tanki ko gonar da ake sa wa taki. Wanka da wanki da wannan ruwan babu laifi, sha ne matsalar.

Ki san alamun. A fatarmu shuɗi ba ya fitowa fili, don haka ki duba leɓe da dasashi da harshe da ƙarƙashin farce. Idan sun koma shuɗi-shuɗi ko ruwan toka, jariri yana numfashi sama-sama, ya yi laushi ko ya ƙi kama nono, ki ɗauke shi zuwa asibiti a lokacin, kada a tsaya turare ko shafe-shafe. Babban asibitin Argungu yana nan, a Birnin Kebbi akwai asibitin Sir Yahaya da asibitin tarayya. Ciwon zuciya da ciwon huhu su ma suna kawo irin wannan alamar, kuma dukansu na gaggawa ne. Ki faɗa wa likita irin ruwan da kike ba yaron. Idan naitiret ne akwai allurar da ake yi, jini ya dawo daidai.

Ki mayar da shi gona

Abin da ke cutar da rijiya abinci ne a wurin shuka. Ki ja tiyo ko ki haƙa 'yar kwata ki kai ruwan tanki gindin zogale, ko ki yi fangali biyu na alayyafo da yakuwa da kuɓewa da tattasai. Saiwa za ta sha takin kafin ya nutse, ke kuma kin samu kayan miya ba tare da sayen taki ba. Ki zuba a gindi, kada ki watsa a kan ganye, kuma ki wanke ganyen da kyau kafin girki. Ruwan da kika sa wa gishiri ko magani kada ki ba shuka. Ki raba shi wurare daban-daban, kada ya zama kududdufi a wuri guda, don sauro ma yana jira.

Wurin zubarwa ya kasance a gangare, nesa da rijiya. Ma'aikatan tsabtar muhalli sukan ba da shawarar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, kamar taku arba'in na babban mutum, kuma wannan tazarar ta dace da ruwan tanki. Idan gidan bai kai haka ba, ki ɗiba a jarka yara su kai lambu, ko ki yi magana da maƙwabci mai noman rani, da wuya ya ƙi. Ki sa maigida ya ɗaga bakin rijiya, a yi mata daɓen siminti kewaye da murfi. Ki tuna ruwan ƙasa bai san katanga ba: abin da kika zubar a bayan ɗakinki yana iya fitowa a rijiyar maƙwabciyarki mai jego.

Takardar awon da kika saya don kifi za ta yi miki aiki a kan rijiya. Ki tsoma sau biyu a shekara, tsakiyar damina da ƙarshen rani. Idan NO3 ya kusa 50 ko ya wuce, ki nema wa jariri wani ruwan tun ranar, sannan ki kai samfur a kwalba mai tsabta ga hukumar ruwa ta jiha ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma su nuna miki inda za a tabbatar. Idan takardar sakamako ta zo da NO3-N, a can iyakar 11 ce, kada ƙaramin adadin ya ruɗe ki.

Aikin wannan makon guda uku ne: ki rage hannu wajen ba kifi abinci, ki zuƙe lakar ƙasan tanki, sannan ki taka da ƙafarki daga bakin bututun tanki zuwa bakin rijiya ki ƙirga. Ki rubuto mana a ƙasa taku nawa kika samu, da inda kike zubar da naki ruwan, domin wata ta ƙaru da dabararki. Mako mai zuwa za mu duba bandar kifi da yadda ake adana shi kada ƙwari su shiga. A gaida yara, sai mun haɗu.